Waɗanda Hamada Ta Riƙe: Neman Kaburburan Matuƙan Jiragen Yaƙin Hitila

Duk ɗan makarantar da malamansa suka taɓa kai shi gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai ya ga busasshen kututturen nan da aka gina wa rumfa, wanda ake kira Itacen Tenere. Kafin wata babbar mota ta banke shi a shekarar 1973, shi kaɗai ne itacen da ke tsaye a cikin tafiyar ɗaruruwan kilomita, kuma da shi madugan ayarin gishiri da ke tashi daga Agadas zuwa Fashi da Bilma suke tabbatar da cewa ba su saki hanya ba. Wanda ya san Tenere ya san dalilin da ya sa aka girmama itace guda har haka, domin a hamada wanda ya rasa alama ya kusa rasa ransa.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi suka fi sani da yaƙin Hitila, wasu samari baƙi sun ratsa wannan Sahara ta sama, cikin jirage masu jefa bama-bamai. Ba su da madugu, ba su san rijiya ko ɗaya ba. Da yawa sun isa inda aka aike su, suka komo lafiya. Wasu kuwa sun tashi, ba a sake jin ɗuriyarsu ba sai bayan shekara goma sha biyar ko fiye, wasu ma har yau. Labarin yadda aka gano makwancinsu ya cancanci malamin tarihi ya tsaya a kansa, domin yana nuna abin da ke sa a sami mamacin da ya ɓata, da kuma abin da ke sa wani ya ɓata har abada.

Yadda yaƙi ya hau sararin Sahel

Yamai ta san jirgin sama da haɗarinsa tun kafin Faransawa su mayar da ita babban birni a 1926. A watan Fabrairu na 1925, jirage biyu ƙirar Blériot da suka taso daga Faransa da nufin isa tafkin Cadi sun yada zango a bakin kogin Kwara. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Jean Casale, ya faɗi yana cikin tashi. Mai kula da rediyonsa ya mutu, Joseph Vuillemin da Jean Dagnaux suka ji rauni. Shekara goma sha biyar bayan haka, Vuillemin ne shugaban rundunar sama ta Faransa, Dagnaux kuwa, wanda ƙasar Yamai ba ta ci shi ba, ya mutu a watan Mayu na 1940 lokacin da Jamusawa suka harbo jirgin jefa bam ɗin da yake ciki a arewacin Faransa.

Wata guda bayan mutuwarsa Faransa ta faɗi, ƙasashen da take mulka suka rabu biyu. Babban gwamna Pierre Boisson da ke Dakar ya bi gwamnatin Vichy, Nijar kuma tana ƙarƙashinsa, haka aka zauna har watan Nuwamba na 1942. A gabas, gwamnan Cadi Félix Éboué ya bi Janar de Gaulle ranar 26 ga Agusta 1940. Wannan shawara ta Éboué ta buɗe wa Turawan Ingila ƙofar da suke nema ido rufe. Sojojinsu na Masar suna bukatar jirage, Bahar Rum kuwa ta zama tarko saboda Italiyawa. Sai aka riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar da ake kira Gana yau, a harhaɗa su a can, su tashi su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wadda ita ce Njamena ta yanzu, El Fasher da Kartum, har Masar, tafiyar kusan kilomita 6,000. Ayari na farko ya tashi ranar 20 ga Satumba 1940, jirgin jefa bam guda ƙirar Blenheim yana jagorantar ƙananan jirage shida ƙirar Hurricane. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya.

Daga Kano zuwa iyakar Nijar ba ta kai tafiyar awa ɗaya a jirgi ba. Matuƙin da hazo ya ruɗe ya karkata arewa yana iya samun kansa a hannun mahukuntan Vichy, waɗanda suke tsare ƴan Ingilan da suka faɗo ƙasarsu a sansanoni irin na Tumbuktu da Kulikoro. Wanda ya ƙara nisa arewa kuwa ba shi da mai tsare shi sai rairayi.

Abin da ke ɓatar da jirgi

Kafin a zargi waɗannan samari da sakaci, ya kamata a san da me suke neman hanya. A cikin jirgin akwai mutum guda da aikinsa ke nan. Kayan aikinsa kamfas ne da agogo da taswira da fensir. Yana sanin gudun jirgi, ya san inda aka sa gaba, ya duba awa nawa aka yi ana tafiya, sannan ya lissafa inda ya kamata a ce an kai. Abin da ke ɓata wannan lissafi ita ce iska, wadda take tura jirgi gefe ko ta ƙara masa gudu ba tare da na ciki sun ji ba. Kuskuren digiri ɗaya yana kawo kaucewar kilomita ɗaya a kowace tafiyar kilomita 60. Ke nan wanda ya yi kuskuren digiri 5 a tafiyar kilomita 600 zai wuce zangonsa da kilomita 50, bai ko hango shi ba.

A Turai mai duba hanya yana gyara lissafinsa da kogi ko layin dogo ko hasumiyar coci. A Sahara taswirorin lokacin farare ne fat a wurare da yawa. In hunturu ya busa, hazo yana haɗe sama da ƙasa. In dare ya yi, tuddan rairayi suna kama da igiyar ruwan teku. Madugun Buzaye ko na Tubawa yana karanta taurari da kwanciyar rairayi da launin ƙasa, ilimin da ya gada kaka da kakanni, yana kuma tafiya da saurin raƙumi, wanda ke ba shi damar gyara kuskure kafin ya yi nisa. Jirgi kuwa yana cin kilomita 300 a awa guda, man da ke cikinsa ƙidayayye ne. Rashin sani, in ji masu iya magana, ya fi dare duhu.

Mutum uku da suka tashi daga Cadi

A ƙarshen 1940 Faransawan de Gaulle sun kafa wata ƙaramar rundunar jiragen Blenheim a Fort-Lamy, wadda daga baya ta zama rukunin nan mai suna Lorraine. Aikinta na farko shi ne share wa Kanar Leclerc hanya zuwa Kufra, zangon dabino da Italiyawa suka yi wa ganuwa a kudu maso gabashin Libiya. Ranar 5 ga Fabrairu 1941 jiragen suka tashi daga Unianga Kebir a arewacin Cadi, suka jefa bama-bamansu, suka juyo. Jirgi mai lamba T1867 bai komo ba. Mutum uku ne a ciki: Le Calvez matuƙi, Claron mai duba hanya, da Devin mai rediyo da bindiga. An neme su ba a gan su ba, yaƙi kuma ba ya jiran kowa. Kufra ta faɗi ranar 1 ga Maris, washegari Leclerc da mutanensa suka yi rantsuwar nan da ke cikin littattafan makaranta, cewa ba za su ajiye makamai ba sai tutar Faransa ta sake tashi a Strasbourg.

Shekara goma sha takwas aka yi. A watan Maris na 1959 sojojin Faransa masu sintiri a kan iyakar Cadi da Libiya suka iske jirgin a zaune cikin hamada, ga ƙasusuwan mutum uku kusa da shi. Jirgin bai wargaje ba, abin da ya nuna cewa sun sauka da ransu, ƙishirwa ce ta ƙarasa su suna jiran taimakon da bai zo ba. Lambar da ke jikin jirgin ta isa a san ko su wane ne, domin an ajiye takardar da ta ce wane da wane suka shiga T1867 a wannan safiya. Aka kwashe su aka mayar Faransa.

Goma sha biyu, ɗaya ya tsira

Bayan Kufra ta shiga hannun ƙawance, sai ita ma ta zama wurin tashi. Ranar 4 ga Mayu 1942 jirage uku ƙirar Blenheim na runduna ta 15 ta sojojin saman Afirka ta Kudu suka tashi da sassafe don su san ƙasa, mutum goma sha biyu a ciki, ƙarƙashin Manjo de Wet. Kwana kaɗan ke nan da zuwansu. A kan hanyar komowa suka rasa inda suke, suka sauka a fili wajen kilomita 150 daga zangon. Maimakon su zauna su tattala abin da ke hannunsu, sai suka riƙa tayar da jirgi yana neman Kufra, mai yana ƙarewa, ruwan da suka zo da shi kuma suka sha da yawa tun ranar farko, suna zaton gobe za a zo. Guguwar rairayi ta hana masu nema tashi kwana da kwanaki. Da ƙishirwa ta kai maƙura, wasu sun sha ruwan da ke cikin kamfas, wanda guba ne. Ranar 11 ga Mayu da aka iske su, makanike Noel Juul kaɗai ke numfashi.

An binne su a inda aka same su, rairayi ya rufe wurin, aka manta. A 1959 masu binciken ƙasa suka sake cin karo da ɗaya daga cikin jiragen, kuma yau kaburburan wasu daga cikin mutanen suna maƙabartar yaƙi ta Knightsbridge, kusa da Tubruk. Binciken da hukumar soja ta yi bayan wannan masifa shi ya sa aka tsaurara dokokin tashi a hamada, musamman game da yawan ruwan da za a ɗauka da yadda za a raba shi.

Lady Be Good

Labarin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne na wani jirgin Amurka ƙirar B-24 da mutanensa suka sa wa suna Lady Be Good. Ranar 4 ga Afrilu 1943 ya tashi daga Suluk, kusa da Bangazi, cikin ayarin da aka tura jefa bam a Napoli. Mutum tara ne a ciki, William Hatton ne matuƙi, kuma wannan ne fitarsu ta farko fagen fama. Suna komowa cikin dare, su kaɗai, suka nemi tashar rediyo ta ƙasa ta gaya musu inda suke. Na'urar tashar tana iya nuna layin da muryar jirgi ke zuwa ta kansa, amma ba ta bambance ko jirgin yana tafe ne ko ya riga ya wuce. Su kuwa sun wuce. Suka yi ta nutsawa kudu har awa biyu, suna zaton teku ce a ƙarƙashinsu. Da mai ya ƙare suka diro da laima, suna sanye da rigunan iyo, a wuri mai nisan kusan kilomita 700 daga gaɓar teku. Masu nema kuwa teku suka nufa.

Laimar John Woravka ba ta buɗe sosai ba, ya mutu nan take. Sauran takwas suka haɗu suka nufi arewa maso yamma da rabin gorar ruwa. Sun yi tafiyar wajen kilomita 130 kafin biyar su kasa, uku suka ci gaba neman taimako. Mataimakin matuƙi Robert Toner yana rubuta abin da ke faruwa kowace rana a ɗan littafinsa, rubutun ya tsaya ranar 12 ga Afrilu. Abin takaici shi ne jirgin da suka bari ya ci gaba shi kaɗai ya sauka da cikinsa kilomita 26 kudu da inda suka diro, da ruwa da abinci a ciki, da rediyon da aka tarar yana aiki bayan shekara goma sha shida.

A watan Nuwamba na 1958 Turawan Ingila masu neman man fetur suka hango shi daga sama, a farkon 1959 wasunsu suka isa wurin da mota. Sojojin Amurka suka zo suka yi watanni suna bincike. Sun sami takalma, sun sami yankakkun ƙyallayen laima da aka shimfiɗa kamar kibiya aka danne da duwatsu don nuna inda aka nufa, amma ba su sami kowa ba. Ma'aikatan man fetur ne suka faɗa kan mutum biyar ɗin a watan Fabrairu na 1960, tare da littafin Toner. A watan Mayu aka sami Guy Shelley da Harold Ripslinger can gaba da nisa, a watan Agusta aka sami Woravka. Na taran, Vernon Moore, hukuma ba ta taɓa tabbatar da an same shi ba.

Yadda ake neman kabari

Wanda ya jera waɗannan labarai uku zai lura da cewa duk tsakanin 1958 da 1960 aka yi gamon, kuma hakan ba haɗuwar banza ba ce. A 1955 Libiya ta kafa dokar man fetur, kamfanoni suka bazu cikin hamada da motoci da ƙananan jirage, suna auna wuraren da ba mai bi sai makiyaya da mafarauta. Abin da jiragen ceto suka kasa gani a mako biyu, masu neman arziki suka yi tuntuɓe da shi. Har a 2012 wani ma'aikacin man fetur ɗan Folan ne ya iske ƙaramin jirgin yaƙi ƙirar Kittyhawk a hamadar yammacin Masar, wanda Dennis Copping ya ɓata da shi a watan Yuni na 1942. An sami jirgin, matuƙin kuwa ya tafi da ƙafa, ba a san inda ya faɗi ba.

Amma tuntuɓe kaɗai ba ya mayar wa ƙashi sunansa. Abin da ke yin wannan aiki takarda ce. Kowane jirgi yana da lamba a jikinsa da jikin injinsa, kowace runduna tana da littafin da ake rubuta wanda ya tashi da lokacin tashinsa da saƙonsa na ƙarshe. Kowane soja yana rataye da ɗan ƙarfe mai ɗauke da sunansa ko lambarsa, likitan soja kuma ya ajiye bayanin haƙoransa da tsawonsa. Mai bincike yana farawa daga ma'ajiyar takardu, ya lissafa iyakar inda mai zai iya kai jirgin, ya zana da'ira a taswira, sannan ya shiga ƙasa yana tambayar mutanen wurin, domin su ne suka san inda wani baƙon ƙarfe yake kwance, wani lokaci ma sun daɗe da ƙera tukunya ko wuƙa da shi. A zamanin yau an ƙara da hotunan tauraron ɗan Adam da gwajin ƙwayar halitta, inda ake gwada ƙashi da jinin dangi.

A bayan wannan duka akwai hukumomin da aikinsu ke nan. Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda aka kafa a 1917, tana riƙe da sunayen mutum kusan miliyan 1.7. Wanda ba a sami gawarsa ba, ana sassaƙa sunansa a dutse. Sojojin sama fiye da 3,000 suna jikin bangon El Alamein a Masar, wasu kusan 2,300 kuma, ciki har da waɗanda suka tashi daga sansanonin Afirka ta Yamma, suna jikin ginshiƙin tunawa na Malta da aka buɗe a 1954. Amurka tana da hukumar DPAA tun 2015, wadda ke bin sawun mutum fiye da 70,000 da suka ɓata a wannan yaƙi. Ko a Tumbuktu akwai kaburbura biyu na ma'aikatan jirgin ruwan Ingila mai suna Allende, waɗanda suka mutu a tsare a 1942, da sunayensu a rubuce.

Tenere ta ga nata

Nijar ta san wannan irin nema da idonta, ko da yake ba a lokacin yaƙi ba. Ranar 19 ga Satumba 1989 bam ya tarwatsa jirgin fasinja ƙirar DC-10 na kamfanin UTA, wanda ya taso daga Barazabil ya biyo ta Njamena za shi Paris. Ya faɗo cikin Tenere, ɗaruruwan kilomita gabas da Agadas, mutum 170 suka hallaka, kuma ba dukan gawarwakin aka iya tantancewa ba. A 2007 ƙungiyar iyalan mamatan ta komo wurin. Tare da ma'aikata ƴan ƙasa suka jera baƙaƙen duwatsu cikin babbar da'ira mai siffar jirgin a tsakiya, suka kewaye ta da fasassun madubai 170, suka kafa fiffiken jirgin a tsaye da allon sunaye a jikinsa. Ana ganin wurin daga sama. Mutanen da suka yi wannan aiki sun san rairayi zai rufe shi wata rana, amma sun yi, saboda ɗan Adam ba ya samun natsuwa sai ya san inda zai nuna ya ce nan nawa yake.

Waɗanda ba a fita nema ba

A nan ne labarin ya juyo gida. Rundunar da Leclerc ya kai Kufra, wadda Claron da abokansa suka mutu suna share wa hanya, mutum kusan 400 ce, kuma kusan 300 daga cikinsu ƴan Afirka ne. Filayen Kano da Maiduguri da Fort-Lamy leburorin ƙasa suka share su, su suka gangara da gangunan mai. Daga Nijar an ɗebi samari an sa su cikin sojojin da Faransawa ke kira tirailleurs sénégalais, sunan da ya haɗe ƴan Afirka ta Yamma duka. Daga arewacin Najeriya Hausawa sun tafi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82. Da yawa ba su komo ba, kuma a gidaje da dama abin da aka sani bai wuce cewa wane ya tafi soja ba.

Bambancin yana cikin takarda tun ranar farko. Matuƙin jirgi an rubuta sunansa da na mahaifinsa da ranar haihuwarsa da adireshin wanda za a aika wa in ya mutu. Ɗan ƙauyen Gobir ko na Damagaram kuwa magatakarda ya rubuta sunan yadda kunnensa ya ji, sau da yawa suna guda, ya ƙiyasta shekarunsa da ido, ya ba shi lamba. In lambar ta ɓata, mutumin ya ɓata. A Chasselay, kusa da Lyon, inda Jamusawa suka kashe fursunoni baƙar fata na runduna ta 25 a ranakun 19 da 20 ga Yuni 1940, an gina musu maƙabarta mai jan bango irin ginin Sudan, aka buɗe ta a watan Nuwamba na 1942, amma da yawa daga kaburburan ba su da suna. Sai a 2022, bayan doguwar wahalar masu bincike, aka kafa alluna masu ɗauke da sunaye 25 da aka gano. A Thiaroye, kusa da Dakar, inda sojojin Faransa suka buɗe wa tirailleurs wuta ranar 1 ga Disamba 1944 saboda sun nemi haƙƙinsu, hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi suka ce sun fi haka nesa ba kusa ba. Sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan kiyashi ne, sai a 2025 Senegal ta soma tonon ƙasa a maƙabartar. Ita ma hukumar Kwamanwel ta amsa laifinta a rahoton 2021, inda ta ce aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, galibinsu ƴan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba.

Faɗin haka ba ya rage wa Toner ko Le Calvez komai. Ƙishirwar da ta kashe su ba ta tambayi launin fatarsu ba, kuma iyayen da suka jira su shekara da shekaru iyaye ne kamar kowa. Abin da labarinsu ya koyar shi ne hanya: a riƙe suna, a riƙe lamba, a tambayi mutanen ƙasa, kada a gaji.

Kammalawa

Wannan hanya ba ta fi ƙarfin makarantar sakandare ko ƙungiyar al'adu ba, kuma Yamai ba ta rasa kayan aiki ba. Akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, akwai cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, akwai CELHTO wadda tun 1968 aikinta shi ne tattara tarihin baka. Takardun tsohuwar gwamnatin Afirka ta Yamma suna Dakar. A Faransa, bayanan sojojin da suka fito daga ƙasashen mallaka suna Pau, na waɗanda suka mutu a yaƙin suna Caen, kuma tun 2003 shafin intanet na Mémoire des hommes yana ba kowa damar neman sunan wanda aka rubuta cewa ya mutu saboda Faransa.

Mazan jiya da suka ga yaƙin da idonsu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma ƴaƴansu da jikokinsu suna nan. A cikin wata tsohuwar adaka a Tawa ko Maraɗi ko Doso akwai ɗan littafin soja da ya yi ja saboda tsufa, da lambar mutum da ta rundunarsa a shafin farko, akwai lambar yabo da aka ƙulle cikin tsumma. A Kawar da Tarmit akwai dattawan da suka san kowane ƙarfe da ke kwance tsakanin rijiya da rijiya. Malamin da ya aiki ɗalibansa su kwafo lambar nan, su rubuta sunan kakansu yadda ake faɗinsa a gida da yadda Bature zai iya rubuta shi, da sunan ƙauye da shekarar da aka ɗauke shi, ya riga ya yi matakin farko, wanda da irinsa aka mayar wa mutanen T1867 sunayensu. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Wanda ake tambayarsa ma yana da wuyar ɓata, ko da hamada ta riƙe shi shekara tamanin.